Magagari da Mai Gyaran Halin Wani

'Yan'uwa, me ya sa mutumin da ya daɗe yana yi wa wasu gyara yakan wayi gari maganarsa tana ɓatawa fiye da yadda take gyarawa?

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Dawakin Tofa, kafin ruwan shuka ya sauka, manoma sukan kai fartanya da garma maƙera domin a fito musu da kaifi. Cikin kayan aikin maƙeri akwai magagari. Haƙoransa ƙanana ne, garin ƙarfen da suka ci kuwa yakan maƙale a tsakaninsu, balle in an goga ƙarfe mai laushi kamar alminiyam ko tagulla. Da zarar sun toshe, magagari ya daina ci, sai zamewa da karce abin da ake so a gyara. Saboda haka gwanin maƙeri yakan dakata, ya share shi da buroshin waya, yana bin layin haƙoran. Wani yakan shafa masa alli tun kafin aiki don kada garin ya kama. Turawa gaba yake yi, in zai dawo ya ɗaga, gama jan sa baya a kan ƙarfe yana dakusar da shi.

Abin da ya toshe magagari shi ne ainihin abin da ya cire daga jikin wani. Haka yake ga uba, malamin makaranta, katikis, ko dattijon da ke sasanta rikicin iyakar gona. Duk laifin da ya tsawata a kai, in ya adana shi a zuciya, yau da gobe sai zuciyar ta cika. Ran da yaro ya yi ƙaramin kuskure, sai a tono masa na bara da na bara waccan. Yaron ba zai ji gargaɗi ba, zafin karcewa kawai zai ji.

Wannan ba ƙaramin hasara ba ne a ƙasar da gona ke manne da gona, ana noma ta kowace shekara ba hutu. Wanda ka ɓata wa rai yau, gobe da shi za ku yi gayya, da shi za ku raba gādo.

Wani zai ce, to, gara a yi shiru. Amma magagarin da aka jefar a lungu tsatsa ce ke cinye shi, fartanya kuma ta kasa yanka ciyawa a tsakiyar damina. Gyara wajibi ne. Sai dai wanda ya tsawata, ya kamata ya yafe a ranar, kada ya kwana da laifin, kada kuma ya koma kan abin da aka riga aka gama.

Allah ya ba mu harshen gyara da zuciyar yafewa.