Ranar Biki Ɗaya, Ranakun Aiki Dubu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Ya ƴan'uwa, a ƙasar Ingila har yau ana adana tsofaffin hotunan da aka ɗauka cikin masaƙun auduga na yankin Lankasha a shekarar 1953. A ranar 2 ga watan Yuni na shekarar ne aka naɗa Sarauniya Elizabeth ta Biyu, tana da shekara 27. Ma'aikata suka ƙawata wuraren aikinsu da tutoci da takardu masu launi, suka rataye hoton Sarauniya bisa injinan saƙa, suka jeru ana ɗaukarsu suna murmushi, alhali kuwa a lokacin sai da katin gwamnati ake sayen sukari da nama, saboda raɗaɗin yaƙin duniya na biyu bai gama sakin ƙasar ba.

Wanda ya dubi irin wannan hoto yau, me zai tarar ya saura? Tun 1959 gwamnatin Ingila ta kafa dokar biyan masu masaƙu kuɗi don su rushe tsofaffin injinansu, daga nan masaƙun suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sarauniyar kanta ta rasu ranar 8 ga Satumba 2022, bayan shekara 70 bisa karaga. Mafi yawan waɗanda ke cikin hotunan sun riga mu gidan gaskiya, da yawansu ko sunansu babu a bayan takardar.

To, ga tambayar da ta dace mu yi wa kanmu: wace rana ce ta fi nauyi a rayuwar ma'aikaci, ranar da aka ɗauke shi hoto, ko ranakun da babu wanda ya dube shi? Macen da ke tsaye gaban injin ta yi biki yini guda, amma ta yi shekaru tana sammako, tana shaƙar ƙurar auduga, tana ciyar da ƴaƴanta da guminta. Waɗannan ranaku ba su shiga hoto ba, alhali su ne rayuwarta.

Ba mu ce murna laifi ce ba. Ma'aikata su taru su yi farin ciki tare, abu ne mai ƙarfafa zumunci. Abin tsoro shi ne mutum ya gyara ranar da ake kallonsa, ya bar sauran ranaku a lalace: ya sha ado ranar da babban baƙo zai zo ofis, amma a ranar da ba kowa ya tauye mudu, ko ya bar talaka tsaye bakin ƙofa tun hantsi. Shi ma mai gidan da ya yanka wa ma'aikata rago ranar biki, ya kuma riƙe musu albashi wata uku, hoto zai nuna shi mai kyauta, amma haƙƙi na nan a wuyansa.

Mai ɗaukar hoto yana zaɓen rana, yana cewa a gyara tsayuwa. Mala'iku masu rubuta ayyuka kuwa ba su jiran mu shirya, kuma ba su mance sunan kowa, sarki ne ko masaƙi. Saboda haka mu kyautata aikin ranar Talata kamar yadda muke kyautata shigar ranar Salla.

Allah Ya sa mu cika da imani, amin.