Haƙƙin Jikin Yaro A Kan Iyayensa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam a cikin kyakkyawar sura, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani magidanci ya kawo mini kukansa cewa makarantar da 'ya'yansa ke zuwa ta keɓe sa'a guda, sau biyu a mako, domin koya wa yara motsa jiki, har da malami na musamman. A ganinsa wannan ɓata lokaci ne, domin kuɗin karatu ya biya, ba kuɗin guje-guje ba, kuma da an ba yaran wannan sa'a su yi tilawa da ya fi. Tun da na san iyaye da yawa suna da irin wannan ra'ayi, na ga ya kyautu mu duba batun a filinmu na wannan mako.

Abin da za mu fara tambaya shi ne, jikin yaro na wane ne? Ba na uba ba ne, balle na malami. Amana ce ta Allah da aka danƙa wa iyaye, kamar yadda aka danƙa musu hankalin yaron da tarbiyyarsa. Sa'ad da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya tsananta wa kansa da azumi kullum da tsayuwar dare, Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shi, ya kuma sanar da shi cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. To, idan ba a yarda babba ya tauye jikinsa saboda nafila ba, yaya za a yarda uba ya tauye jikin ɗan shekara 8 saboda yawan darasi?

Tarihin magabata ma shaida ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta tsere masa, bayan wasu shekaru da ta yi jiki suka sake, shi kuma ya tsere mata. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallacin Madina, ya bar su, har ya tsaya A'isha na kallo ta bayansa. Masu tarihi kuma sun ce gabanin yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, an karɓi yaro Rafi'u ɗan Hadiji saboda gwanintarsa da harbin kibiya, sai Samuratu ɗan Jundubu ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u a kokawa. Aka sa su suka kama, ya kayar da shi, aka karɓe shi shi ma. Ai kuwa ba a wannan rana yaran nan suka koyi harbi da kokawa ba. Sun tashi ne a garin da manya ba su ɗauki irin wannan abu wasan banza ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi bayani a cikin Ihya'u Ulumiddini cewa a saba wa yaro da tafiya da motsi a wani yanki na yini don kada kasala ta rinjaye shi, kuma a bar shi ya yi wasa mai kyau bayan ya tashi daga makaranta. Dalilinsa shi ne, hana yaro wasa da matsa masa da karatu ba hutawa yana dusashe basirarsa, har ya shiga neman dabarar guje wa karatun gaba ɗaya. Watau sa'ar da magidancin nan yake ganin an sace wa tilawa, ita ce take tsare tilawar.

Mai karatu zai iya cewa, mu da muka tashi ba a buɗe mana ajin motsa jiki ba, kuma ga mu lafiya lau. Gaskiya ne, amma mu muna da dandali. Da farin wata maza suna langa da kokawa, 'yan mata suna gaɗa da 'yar gala-gala, ga zuwa rafi da kiwo da tafiyar ƙasa zuwa makaranta, ga hutun Alhamis da Juma'a na makarantar allo. Yaron birni na yau kuwa, da safe boko, da la'asar Islamiyya, bayan magariba malamin darasi, in ya sami sarari kuma waya ce a hannunsa. Filin unguwa an yanka shi fuloti an gine, titi ya cika da babura, iyaye kuma suna tsoron barin yaro waje. Abin da dandali yake bayarwa kyauta a da, yau sai an shirya shi da gangan, in ba haka ba yaro ya rasa shi.

Masana kiwon lafiya sun auna wannan rashi. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya riƙa samun aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗaga a kowace rana. Wani bincike da masanan hukumar suka fitar a 2019, wanda ya shafi ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 ba su kai wannan gwargwado ba, kuma abin ya fi muni ga 'yan mata, domin su kashi 85 ne. A nan ya kamata mu tsaya mu binciki kanmu. Sau da yawa namiji yakan saci jiki ya tafi ƙwallo, amma 'ya mace da ta kai shekara 10 sai a ce ta girma, ta zauna. Alhali kuwa ƙashinta da zuciyarta suna bukatar abin da na ɗan'uwanta ke bukata, kuma ita ce gobe za ta ɗauki nauyin ciki da goyo. Kunya da sutura ba su hana Uwar Muminai gudu ba. Abin da ya wajaba shi ne a samar wa 'yan mata wuri killatacce da malama mace.

Sai dai ba kowane shiri ne abin yabo ba. Lalle ne malamin ya zama amintacce wanda iyaye suka san halinsa, tufafin su rufe al'aura, a tashi idan lokacin salla ya yi, kada a tsayar da yara cikin tsakar rana ba ruwan sha. Kada kuma a mai da motsa jiki horo, domin yaron da aka saba sa shi tsallen kwaɗo saboda ya yi laifi zai girma yana ƙin motsa jiki. Haka nan kada abin ya zama na 'ya'yan masu hali kaɗai. Langa ba ta bukatar ko kwabo, tsallen igiya kuwa igiya kawai yake so, kuma kwamitin masallaci ko na Islamiyya yana iya neman aron filin makarantar unguwa ya sa matashi mai hankali ya kula da yara. Kada kuma mu ce yarinyar da ta yini tana yawon talla, ko almajirin da ya yini yana bara, sun sami rabonsu. Wannan wahala ce, kuma haƙƙinsu a kanmu shi ne abinci da hutu da wasa irin na sauran yara.

Saboda haka na ce wa magidancin nan ya bar 'ya'yansa su shiga ajin, maza da mata, ya je da kansa ya ga yadda ake gudanar da shi, in ya ga abin gyara ya faɗa wa hukumar makarantar. In ya yi haka da niyyar kiyaye amanar da Allah Ya ba shi, muna kyautata zaton zai sami lada a kan wannan sa'a kamar yadda yake samu a kan sa'ar tilawa.

Allah Ya raya mana zuriyarmu cikin lafiya da imani, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum.