Baƙo a Garin da Aka Binne Cibiyarsa

Ana jajibirin Sallah, tashar Zuba da ta Kawo da ta Unguwa Uku kan cika maƙil. Kuɗin mota ya ninka, 'yan kamasho na ta kiran garuruwa, kowa riƙe da ledar tsaraba, kuma duk wanda aka tambaya ina zuwa, amsarsa ɗaya ce: gida. Amma wanda ya shekara ashirin yana neman abinci a Abuja ko Legas ya san abin da ke jiransa. Zai sauka a yi masa lale, a ce "saukar yaushe?" Kafin ya ajiye kwanon ruwa kuma wani ya jefo ta biyu: "Yaushe za ka koma?" Tambayar da ake yi wa baƙo ke nan, ga shi kuwa a garin aka binne cibiyarsa.

Ranar farko daɗi ne zalla, ga tuwon gida, ga tsofaffin abokai. A rana ta uku sai ƙafa ta fara ƙaiƙayi. Hirar majalisa ta koma kan mutanen da bai sani ba, samarin unguwa na kiransa Alhaji suna kaucewa, masu buƙata sun yi layi a zaure tun da asuba. Idan motar komawa ta tashi sai ya ji wani sauƙi a ransa, sannan ya ji kunyar jin sauƙin. Mutane da yawa na ɗauke da wannan kunya a ɓoye, suna tambayar kansu ko butulci ne, ko ma raunin imani.

Garin da yaro ya sani kyauta ne. Bai zaɓe shi ba, bai gwada shi da wani ba, ba ya biyan komai a cikinsa. Kududdufin bayan gida kogi ne a wurinsa, tafiya daga zaure zuwa makarantar allo doguwar hanya ce, dandali da daren farin wata kuwa shi ne duniya ɗungurungum: langa, gaɗa, tashe a goman tsakiya na azumi. Duk gidan da ya shiga za a zuba masa abinci, duk dattijon da ya gan shi yana ɓarna zai tsawata masa, domin ɗa na kowa ne.

Babba ya dawo da ma'auni a hannu. Ya ga lungun da yake tsere a cikinsa ko mutum biyu ba sa jerawa. Ya ga kwatar da ta toshe, da famfon da ya shekara goma bai ɗiga ba. Ya kuma ji abin da aka ɓoye masa yana yaro: baffan da ya cinye gonar marayu, gidajen da ba sa gaisawa tun rabon gadon kaka. Duk waɗannan suna nan tun can, shi ne dai bai kai ganinsu ba.

Wani lokaci kuma garin ne ya tashi daga inda aka bar shi. Ƙidayar 1952 ta sami mutanen Kano kusan dubu 130, ta 2006 kuwa ta sami fiye da miliyan biyu da rabi a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye. Dalar gyaɗa da yaran shekarun 1960 suka yi wasa a gindinta ta ɓace. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, an cike kududdufai an yi gini a kansu, badala kuma a wurare da dama sai kwatance. Bakanon da ya bar gari yana ɗan shekara goma sha biyar ya dawo da furfura zai iya ɓata a unguwarsu.

To me mutum yake bege idan ya ce yana kewar gida? Ibnur Rumi, mawaƙin Bagadaza na ƙarni na 9, ya ba da amsar da malaman adabi suka daɗe suna yabawa. A ganinsa, abin da ke sa mutane son garuruwansu shi ne ƙuruciyar da suka ci a cikinsu, tuna garin tuna zamanin ne. Idan haka ne, mai hawa mota ranar jajibiri yana neman abin da babu direban da zai kai shi. Yana neman kakar da ke ajiye masa ƙanzo, da malamin allon da ya rasu, da shi kansa lokacin da ba shi da nauyin kowa.

Tarihin Manzon Allah (SAW) ya fi kowane bayani haskaka wannan lamari. Ya bar Makka a shekarar 622 yana da shekara 53, kuma Tirmizi ya ruwaito cewa ya shaida wa garin shi ne mafi soyuwar ƙasa a wurin Allah, da ba a fitar da shi ba da bai fita ba. Da Muhajirai suka isa Madina, zazzaɓi ya kwantar da Abubakar da Bilal. Nana A'isha ta ba da labarin yadda Bilal, idan zazzaɓin ya sake shi, yake ɗaga murya yana begen kwarin Makka da ciyayinta da duwatsunta. Annabi bai tsawata masa ba. Addu'a ya yi, Allah Ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Wato kewar gida ba aibi ba ce, kuma son sabon gari abu ne da ake roƙo.

Bayan shekara takwas aka buɗe Makka. Usamatu ɗan Zaidu ya tambayi Annabi ko a gidansa zai sauka, sai ya nuna masa cewa Aƙilu ɗan Abu Ɗalib bai bar musu wani gida ba, domin gidajen sun riga sun fita daga hannunsu. A tanti ya sauka. Ibnu Abbas ya ce Annabi ya yi kwana 19 yana sallar ƙasaru, sallar matafiyi, a garin da aka haife shi. Mutanen Madina suka fara raɗe-raɗin cewa son garinsu ya kama shi, ba zai koma ba. Ya tabbatar musu cewa rayuwarsa da mutuwarsa tare da su ne, kuma haka aka yi. Har ma aka iyakance wa Muhajirai kwana uku kacal a Makka bayan gama aikin Hajji, shi ya sa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi ciwo mai tsanani a can, fargabarsa ita ce kada ya mutu a ƙasar da ya bari saboda Allah.

Maganar nan da ake yawan ji a taron siyasa, cewa son ƙasa yana cikin imani, ba hadisi ba ce. Cikin malaman hadisi, Sagani ya lissafa ta cikin ƙagaggu, Sakhawi ya ce bai samo mata asali ba. Saboda haka wanda zuciyarsa ta kwanta a Kaduna fiye da ƙauyensu bai saɓa wa wani nassi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a Maratta aka haife shi a 1754, a Degel ya girma, daga nan ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, a Sakkwato kuma ya cika a 1817.

Duk da haka Bahaushe bai taɓa ɗaukar garinsu da wasa ba. A sunansa yake rataye shi: Aminu Kano, Isa Kaita, Abubakar Tafawa Balewa. Shehu Shagari ya rasu a Abuja a Disambar 2018 aka kai shi Shagari, Muhammadu Buhari ya rasu a Landan a Yulin 2025 aka kai shi Daura. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ja ragowar jama'a zuwa Sudan, kuma garin da suka kafa kusa da Sennar har gobe Mai Wurno ake kiransa. Sun bar ƙasar, sun tafi da sunan.

Akwai kuma waɗanda rayuwa ta juya musu tambayar. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice daga Ghana. Cikin waɗanda aka loda a manyan motoci har da 'ya'yan zango da aka haifa a Kumasi da Accra, aka ce su tafi gida, gidan da a bakin iyayensu kawai suka taɓa jin sa. Mutanen Bama da suka gudu Maiduguri a Satumban 2014 sun fara komawa a 2018, suka tarar da kango. Yaran da suka yi wayo a sansani, su kuma sansanin suke kira gida. A yau ma akwai 'yan Zamfara da Katsina da ke yin Sallah a birni ba don sun so ba, hanyar ƙauyen ce ba ta biyuwa.

Karin maganar da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, akan faɗe ta don gargaɗi, amma bayani ne na yadda abin yake. Gari ba ya tsayawa jiran kowa, kuma shari'a ba ta ɗora wa mutum jin abin da ya ji yana ɗan shekara tara ba, domin wannan ba a hannunsa yake ba. Abin da ta ɗora masa yana da suna, kuma ana iya lissafa shi: zumunci. Gwaggon da ta goya shi tana raye, tana buƙatar magani. Makarantar firamaren da ta koya masa baƙi da wasali rufinta ya yaye. Marayun yayansa na nan, maƙabartar da iyayensa ke kwance ba ta da katanga.

Wanda ya sauke waɗannan haƙƙoƙi, ko da ransa na Fatakwal, bai yi wa garinsu butulci ba. Mai butulcin shi ne wanda ke cika majalisar birni da labarin daɗin ƙauyensu, alhali rabon da ya kira gwaggonsa a waya tun Sallar bara.