Birki, Ƙaddara da Amanar Aikin Ɓoye

Daga cikin mas'alolin da malaman tauhidi suka daɗe suna tattaunawa akwai dangantakar ƙaddara, wato abin da Allah ya hukunta tun fil'azal, da sababi, wato hanyar da aka ɗora wa bawa ya bi domin jawo amfani ko tunkuɗe cuta. Mas'alar tana nan kullum a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Agiye da Gazawa ta nufi Damagaram, inda motocin a-kori-kura, har da masu taya biyu-biyu a baya, ke jigilar gero da wake da aya, ga fasinja a saman lodi. Idan birkin irin wannan mota ya tsinke aka yi asarar rai, kalmar da ake fara ji ita ce ƙaddara, kuma abin tambaya shi ne ko wannan kalma tana sauke nauyi daga wuyan mai mota da direba da bakanike.

Amsar tana buƙatar sanin yadda birki yake aiki. A birki irin na faifai, a cikin ƙafa akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, sannan akwai takalman birki guda biyu da ke damƙe faifan daga ɓangarorinsa idan direba ya taka, ta yadda ƙarfin gudun motar zai koma zafi. Gwargwadon nauyin lodi gwargwadon zafin, kuma idan aka ninka gudu sau biyu zafin yakan ninka sau huɗu, alhali yashin da ke kutsawa tsakanin takalmi da faifai a hanyoyin ƙauye yana cin su biyun kamar dutsen wasa. Takalmi yakan yi gargaɗi da ƙara kafin ya ƙare, faifai kuma yakan zo da adadin kaurin da bai kamata ya gaza ba, an buga shi a jikinsa. Ke nan tsinkewar birki ta dalilin cinyewar takalmi ko faifai abu ne da ke aiko da sallama tun yana nesa.

Saboda haka ne kafa hujja da ƙaddara a nan ba ya tsayuwa. Imam Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure dabbarsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Haka nan a zamanin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham, ya kuma fahimtar da sahabi Abu Ubaida cewa gujewa halaka ita ma tana cikin abin da Allah ya hukunta. Tawakkali, wato dogaro ga Allah, aiki ne na zuciya da ke tafiya tare da aikin hannu, kuma ambaton ƙaddara magani ne ga wanda masifa ta sama bayan ya yi iya yinsa.

Nauyin bakanike ya fi na kowa girma, domin aikinsa a ɓoye yake. A yawancin motoci masu taya biyu-biyu da birkin faifai a baya ba a isa ga faifan baya sai an ɗaga mota da jak, an sauke tayoyin biyu, an zare sandar da ke juya ƙafa, an kwance cibiyar gaba ɗaya. Idan aka mayar da komai, mai mota ba ya da yadda zai yi ya san ko an canza ɓangare biyu ko ɗaya, ko an sa sabon faifai ko an goge tsohon an mayar, ko an ɗaure notuna daidai gwargwado. Malikiyya, mazhabar da ake bi a ƙasar Hausa, ta san irin wannan hali, domin a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996 miladiyya, an ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka faku daga idon masu su, wato biyan abin da ya salwanta a hannunsu. Asalin hukuncin a kan dukiya yake, kamar ƙyallen da aka kai wa maɗinki, amma dalilinsa, wanda shi ne kare jama'ar da ba su da makawa sai sun miƙa kayansu, ya fi ƙarfi inda abin da aka miƙa ya shafi rayuka.

Mai mota ma bai kuɓuta ba idan ya zaɓi kayan jabu don araha, haka direban da ya ji ƙarfe yana cin ƙarfe ya ce sai bayan cin kasuwa. Ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan haƙƙun ne, sai dai hisabin bawa a kan abin da ya sani ya yi sakaci da shi ne, kuma kaurin takalmin birki abu ne da ake iya aunawa tun mota tana tasha.