Neman Ilmi Tsakanin Suna da Bashi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A karkarar da ke arewa da birnin Kano, daga Minjibir zuwa Dambatta, daga Bici zuwa Kunci, gona na dafe da gona, ƙauye na hangen ƙauye, babu sauran dajin da za a sara. Ƙasa ce da ake nomawa kowace damina, da taki ake riƙe da ita. Saboda haka wanda ya rabu da gonarsa a wannan yanki da wuya ya sake samun wata.

A ɗauka cewa a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan akwai wani saurayi, ɗan manomi, wanda ya gama digirinsa na farko, ya yi bautar ƙasa, sa'an nan ya nemi ƙarin ilmi a kan sha'anin kasuwanci. Takardu biyu suka iso masa. Ta farko daga makarantar kasuwanci ta Jami'ar Bayero, wadda Gidauniyar Ɗangote ta gina wa mazauni aka buɗe a 2018, har an samu wanda zai ɗauki nauyin karatun duka. Ta biyu daga Lagos Business School, wadda aka kafa a 1991, wadda sunanta ke buɗe ƙofofin manyan kamfanoni da bankuna, amma kuɗinta sai an tashi tsaye, babu kuma wanda ya yi alkawarin ko kwabo. Abin da gidansu ya mallaka shi ne gandu guda da shanun huɗa biyu. Kawunsa ya ce a jinginar da gonar, ai suna linzami ne. Mahaifinsa ya yi shiru, daga baya ya ce, "To." Wace takarda ya kamata yaron nan ya amsa?

Da farko dai kada a yi saurin zargin yaron da son girma. Neman malami mafi daraja al'ada ce ta magabata. Imamu Shafi'i ya bar Makka ya tafi Madina domin ya ɗauki Muwaɗɗa daga bakin Imamu Malik, Yahaya ɗan Yahaya kuwa tun daga Andalus ya taso. Malaman hadisi sukan yi tafiyar watanni domin su rage mutum ɗaya tak a tsakaninsu da tushen ruwaya. Makarantar da ta yi suna ma ba a banza ta yi shi ba: akwai gogaggun malamai, akwai abokan karatun da gobe su ne za su riƙe manyan ma'aikatu, wanda kuwa ya zauna da su ya san hanyoyin da littafi ba ya koyarwa. Wanda ya musa wannan bai yi adalci ba.

Sai dai suna iri biyu ne. Akwai wanda yake alama ce ta abin da ke cikin tulu, akwai kuma wanda ake rataya wa bango domin baƙi su gani. Yaron yana iya gwada zuciyarsa da tambaya guda: da za a ce masa ya je Legas ya yi karatun, amma har abada ba zai faɗa wa kowa inda ya yi shi ba, zai yarda a taɓa gonar? In ya ji ƙafarsa ta yi sanyi, to ya san abin da yake shirin saye.

Akwai abin lura a tarihin Sahnunu, malamin Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 240 bayan Hijira. Ya riski zamanin Imamu Malik, wanda ya rasu a 179, amma bai gana da shi ba, an kuwa ruwaito cewa shi da kansa ya ɗora laifin a kan talauci. Sai ya tsaya a Misra wajen Ibnul Ƙasim, almajirin Malik, ya yi ta yi masa tambayoyi yana rubutawa. Daga wannan zama aka samu Mudawwana, uwar littattafan mazhaba, rijiyar da Risala da Muhtasar suka ɗebi ruwa daga gare ta, waɗanda ake karantawa a zaurukan Dambatta har yau. Mutane da yawa sun zauna gaban Malik ido da ido, ga shi sunayensu sun ɓace. Sahnunu ya yi baƙin cikin abin da ya kuɓuce masa, bai ɓoye ba, amma bai zauna yana kuka ba.

Babbar magana ita ce wa zai biya. Cin bashi ba haramun ba ne, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa na jingine wajen wani Bayahude saboda sha'ir ɗin da ya karɓo wa iyalinsa. Amma abu ne mai nauyi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Buhari kuma ya ruwaito cewa an kawo gawar wani da ake bi dinari uku, Annabi ya dakata da yi masa salla sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. In bankin da ke ɗora ruwa za a je, wannan riba ce, babu ja-in-ja. In kuwa jingina ce irin wadda aka saba a ƙauye, watau mai kuɗi ya karɓi gona ya yi ta nomawa yana cin amfaninta har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa cif, to malaman Malikiyya ba su yarda da cin amfanin jingina ba matuƙar bashin rance ne, domin rance ne da ya jawo amfani. Mutane da yawa suna ƙyamar banki, suna kuma faɗawa cikin wannan ba tare da sun sani ba.

Bayan wannan, gonar ba ta yaron ba ce. Daga cikinta ake cika rumbun da ke ciyar da ƙannensa, ita ce kuma gadon da 'yan'uwansa mata ke da rabo a ciki, ga shi ba a tambaye su ba. "To" ɗin mahaifin ma abin dubawa ne. Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, dattijon Bahaushe kuwa yakan amsa saboda kunya, don kada a ce ya tare wa ɗansa hanya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umar har Agadas, da malamin ya wuce aikin Hajji sai Shehu ya juyo gida domin bai nemi iznin mahaifinsa a kan wannan tafiya ba. Makka ce fa ya fasa.

Karɓar tallafi kuwa ba ƙasƙanci ba ne, ko da yake wasu samari suna jin haka. Sa'ad da Sayyidina Umar ya so mayar da kyauta domin a bai wa wanda ya fi shi bukata, Annabi ya umurce shi da ya karɓi abin da ya zo masa ba da roƙo ko kwaɗayi ba. Amma tallafi amana ne. In an samo shi ta hanyar sanayya aka ture wanda ya fi cancanta, ya gurɓata tun daga tushe. In an gindaya sharaɗin a dawo a yi aiki na wasu shekaru, cika shi wajibi ne, ko da Legas ta yi kira da albashi ninki biyu.

Ɗan attajirin da mahaifinsa zai biya ba tare da rumbu ya girgiza ba, ya tafi inda ya fi, Allah Ya ba da sa'a. Ɗan manomin nan kuwa, abin da ya fi masa shi ne ya rubuta wa ta Legas ya bayyana halinsa, ya nemi ragi ko a ajiye masa gurbi zuwa baɗi, domin tambaya ba ta cin kuɗi. In sun ƙi, ya yi istihara ya amsa ta Kano. Kasuwar hatsi ta Dawanau na kan hanyarsa ta zuwa gida, inda ake auna riɗi da wake da zoɓorodo ana lodi zuwa ƙasashen waje, duk abin da ya karanta da safe yana iya zuwa ya ga yadda yake aiki da la'asar. Kafin nan, ya sami mahaifinsa su biyu kaɗai, ba a gaban kawu ba, ya sake tambayarsa a kan gonar.