Tana, Mai Shaidar Lafiyar Ƙasa

Tsarki ya tabbata ga Allah, wanda Ya ɓoye manyan ayoyinSa a cikin ƙananan halittu. Ya 'yan'uwa masu imani, wanda ya yi sammako zuwa tashar jiragen ruwa ta Treichville a birnin Abidjan bayan ruwan dare, yana jiran jirgin kamfanin SOTRA ya ƙetara da shi tafkin Ébrié zuwa Plateau, in ya dubi inda siminti ya ƙare, zai iya ganin 'yan curin laka murɗaɗɗu, waɗanda tana ta kwana tana fitarwa.

Halitta ce da ba ta da ido, ba ta da ƙashi, ba ta da huhu, sai Mai hikima Ya sanya numfashinta a fatarta mai damshi, Ya hore mata cin ruɓaɓɓen ganye ta mayar da shi taki, tana haƙa ramukan da ruwa da iska ke bi su isa ga saiwa. Irin ta Afirka ta Yamma, wadda masana ke kira Eudrilus eugeniae, har kiwonta ake yi a ƙasashe masu nisa domin takinta.

To, wannan fata da take rayuwa da ita, ita ce ƙofar da guba ke fara shiga. Sinadaran TNT da RDX, waɗanda ake ɗura wa bama-bamai da nakiyoyi, sukan daɗe a cikin ƙasa bayan ƙara ta lafa, tana ta sha su ta fata da ciki, sai ta rame, ƙwanta ya ragu, in TNT ya yi yawa ta mutu. Masana kan raba akwati biyu, gefe ƙasa mai tsabta, gefe gurɓatacciya, su saka tana a ciki, bayan kwana 2 su tarar makauniyar nan ta guje wa gubar. Wa ya sanar da ita, in ba Mahaliccinta ba?

Gurɓatar ƙasa ba labari ba ce mai nisa: mutanen Abidjan sun ji rugugin makamai a Afrilun 2011, sun shaƙi warin sharar guba ta jirgin ruwan Probo Koala a Agustan 2006, a Verdun ta Faransa kuwa har yau ana tono bama-baman yaƙin 1916. Ƙasa amana ce a hannunmu, daga gare ta aka halicce mu, cikinta kuma za a mayar da mu. Allah Ya sa mu bar ta yadda tana za ta ci gaba da numfashi a cikinta.