Kwazazzabo Daga Sama da Daga Baki

A jihar Arizona ta Amurka akwai wani kwazazzabo da ake kira Grand Canyon. Tsawonsa kilomita 446, zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 1,800, kuma masana sun ce kogin Kolorado ya yi shekaru miliyan biyar zuwa shida yana yankan dutsen. Tun 1919 gwamnati ta keɓe shi a matsayin wurin shaƙatawa na ƙasa. Masu yawon buɗe ido kan tsaya a bakinsa, masu hali kuma su hau jirgi mai saukar ungulu su ɗauki hoto daga sama. Mai imani in ya ga hotunan, sai tasbihi.

Ni mutumin Ƙaura Namoda ne, kuma ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: kallon da ya tsaya ga kyau kaɗai, ya isa a kira shi tafakkuri?

Dokar da Allah ya ɗora wa ruwa guda ce. Yadda ya sassaƙa dutsen Arizona, haka yake zaftare gaɓar gulbin Gagare duk damina, haka yake tsaga gonaki a ƙasar Zurmi da Shinkafi. Da za a tashi jirgi marar matuƙi a ɗauko kwazazzabanmu, da an ga jar ƙasa da farin yashi sun yi zane mai ban sha'awa. Amma manomin da ke tsaye a baki, kunyoyin geronsa yake ƙirgawa, nawa suka rufta bana. Can ma a ƙasan Grand Canyon akwai ƙauyen Supai na ƙabilar Havasupai, wanda alfadarai ke kai wa wasiƙu. Mai hoto daga jirgi ba ya jin numfashinsu.

Suratul Ghashiya ta kira mu ga duban raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, domin mu san Mai halitta. Sanin nan kuwa nauyi yake ɗora wa bawa. Daga sama ana ganin ƙudurar Ubangiji. Daga baki ana ganin haƙƙin maƙwabci da amanar ƙasa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Saboda haka a ɗauki hoto, a yi tasbihi, sannan a sauko a tambayi gonar wa ruwan ke ci, a taya shi dasa gamba da jema, a jera buhunan yashi tun kafin ruwan Agusta.